Daga tsutsar mushe zuwa firiza: yadda ake ciro DNA na ƙwari a adana shi a zafin Bauchi

Shekarar da na fara wannan aiki kwalabe goma sha ɗaya na yi asara a mako guda, kuma babu injin da ya lalace, ni ne da hannuna na ɓata su. Mun ajiye mushen zomo cikin kejin waya a bayan gari, watan Afrilu, zafin nan na Bauchi da ko inuwar darbejiya ba ta ceto, kwana biyar ina zuwa safe da yamma ina ɗibar tsutsa ina zubawa cikin sifirit ɗin da na sayo a kemis, sai in sa alƙalamin maka in rubuta kwanan wata a jikin kwalba in jefa a jaka. Da na zo buɗe jakar ashe sifirit ya ɗan tsiyaya ya wanke rubutun tas, ban san ta Litinin daga ta Alhamis ba, tsutsotsin kuma manyan cikinsu sun yi baƙi sun yi laushi saboda na cika su da yawa a kwalba guda ruwan jikinsu ya sirka sifirit ɗin. Muka yi PCR, wato gwajin da ke ninka DNA har ya fito a matsayin layi a kan wani faranti mai kama da tuwo da ake kira jel, har sau uku, jel fayau babu layi. To tun daga ranar na daina yarda cewa a lab ake yin wannan aiki, a wurin mushen ake cin nasara ko a faɗi, cikin kwalba da ɗan guntun takarda.

Kafin mu shiga, me ya sa ma za a wahala da DNA ɗin ƙuda? Koren ƙudan nan mai sheƙi da kuke gani a mahauta shi ne ke fara sauka a kan gawa, wani lokaci cikin 'yan mintuna, ya sa ƙwai a ido da hanci da baki da wurin rauni, a zafinmu ƙwan ba ya cika kwana guda ya ƙyanƙyashe. Tsutsar na girma mataki uku, sannan ta bar gawar ta shige ƙasa ta rufe kanta cikin kwanso ta fito ƙuda. In ka san wane irin ƙuda ne kuma ka san zafin wurin, za ka iya lissafa kwana nawa tsutsar ta yi a duniya, ka ce wa mai bincike mamacin nan aƙalla ya kai kwana kaza. Matsalar ita ce kowane iri da saurin girmansa, kuma ƙananan tsutsotsi kusan kamarsu ɗaya ko a ƙarƙashin maikiroskof. A nan DNA ke shigowa, shi aikinsa ya gaya maka sunan ƙudan kawai, ba ya gaya maka ranar mutuwa, wannan ku riƙe shi don na sha jin ɗalibai na haɗa su. Shi amfani da ƙuda a shari'a tsohon abu ne, tun 1247 wani alƙalin Sin mai suna Song Ci ya rubuta labarin kisan da aka gano saboda ƙudaje sun taru a kan laujen mutum ɗaya cikin laujunan ƙauye, amma tantance ƙudan gawa da DNA sai a 1994 Sperling da abokan aikinsa a Kanada suka nuna hanyar.

Matakin farko, jaka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Jakarka ta zauna a haɗe: kwalabe masu murfin murɗawa da robar toshewa a ciki, ba masu ɗan ƙwas ɗin nan ba, etanol mai ƙarfin kashi 95 zuwa 100, wani kuma mai kashi 70 zuwa 80 a kwalba daban, filas na ruwan zafi, ɗan rariyar shayi, cokali, hantsaki mai laushin baki, allura, safar hannu da yawa, takunkumi, ma'aunin zafi, fensir da farar takarda mai kauri da ka riga ka yayyanka, kular sanyi da ƙanƙara a ciki, sai robobi masu murfin da aka huda da yashi ko dusar katako a ƙasa da 'yar hanta don rainon masu rai.

Maganar etanol ɗin nan ku bar ni in daɗe a kanta. Sifirit na kemis ba a yi shi don wannan ba, galibi an gauraya shi da wasu abubuwa kuma ba ka da tabbacin ƙarfinsa, ka nemi etanol na lab daga masu sayar da kayan kimiyya ka duba takardar jikinsa. Shi etanol abin da yake yi shi ne ya zuƙe ruwan jikin tsutsa, in babu ruwa sinadaran da ke sassara DNA bayan mutuwa ba sa iya aiki. Shi ya sa mai kashi 70 yana da kyau don ajiye siffa amma don DNA na dogon lokaci mai kashi 95 ake so. Sannan fomalin, don Allah ko kusa kar ya zo. A asibiti an saba da shi, duk abin da aka yanko sai a tsoma a fomalin, wani ma da kyakkyawar niyya zai miƙo maka tsutsa a ciki, to fomalin yana ɗaure DNA da furotin ya kakkarya shi, wanda ya shiga nan kusan sai dai haƙuri.

A wurin gawa

Mu nan yawanci da mushen zomo ko akuya muke koyo, a wasu ƙasashe alade suke sawa don ya fi kusa da jikin mutum, mu kuma kun san halin da ake ciki. Amma in gawar mutum ce ba ka taɓa komai sai da izinin jami'in da ke riƙe da binciken da likitan da zai duba gawar, kuma ka sani lokacinka kaɗan ne don dangi na tsaye suna jira a ba su ɗan'uwansu su yi masa sutura kafin la'asar, haƙƙinsu ne kuma. Ka yi sallama ka yi ta'aziyya, in wani dattijo ya ce yaro me za ka yi da tsutsa, ka ce Baba ita ce za ta gaya mana ranar da abin ya faru, ka ci gaba da aikinka da sauri da ladabi.

Kafin ka ɗauki ko ɗaya ka yi hoto ka auna zafi: na iska, na ƙasa a ƙarƙashin gawar, da na tsakiyar tarin tsutsar, don in suka cunkushe wuri guda zafi suke haifarwa da kansu ya zarce na waje sosai. Ka rubuta lokaci, rana ce ko inuwa, ɗaki ne a rufe ko fili. Sai ka ɗiba daga kowane wuri daban, na kai daban, na rauni daban, na ƙarƙashi daban, kar ka haɗa su kwalba guda. Ka nemi mafi girma don su ne suka riga zuwa, amma ka ɗauki kowane girma da kowace kama. Za ka ga wasu sumul wasu kuma kamar masu ƙaya-ƙaya a jiki, masu ƙayar nan a yankinmu galibi Chrysomya albiceps ne kuma mafarauta ne, cinye 'yan uwansu suke, in ka haɗa su da sauran a robar raino gobe ka tarar su kaɗai. Ka tona ƙasa a gefe har 'yan taku daga gawar, ka ɗaga tabarma ko dutse ka nemi kwanso, mai ƙuda a ciki da wanda aka riga aka fita, don wataƙila su ne mafi tsufa a wurin. In gawar ta fara bushewa za ka ga ɗan baƙin ƙwaron nan Dermestes maculatus da tsutsarsa mai gashi, shi ne dai wanda masu busasshen kifi a kasuwar Muda Lawal ke kuka da shi, shi ma ka ɗauka.

Yanzu abin da ka ɗiba daga kowane wuri ka kasa shi uku.

Kashi na ɗaya masu rai, su tafi robar raino a kan hanta har su zama ƙudaje, don babban ƙuda ya fi sauƙin ganewa. Kashi na biyu na awo ne, ka zuba su a rariya ka tsoma cikin ruwan zafi da ya haura digiri 80 amma ba mai tafasa ba, kamar daƙiƙa 30, su miƙe sambal, sai ka mayar cikin etanol mai kashi 70 zuwa 80. In ka jefa su da rai cikin etanol ƙanƙancewa suke tsawonsu ya ragu, lissafin shekaru ya karkace. Kashi na uku shi ne namu na DNA, kai tsaye cikin etanol mai kashi 95, kaɗan-kaɗan, uku zuwa biyar a kwalba in manya ne, etanol ɗin ya ninka jikinsu kamar sau goma. Fatar tsutsa tauri gare ta, kwanso kuwa ya fi, don haka ka sa allura mai tsabta ka huda kwanso don etanol ya shiga, in ba haka ba waje a jiƙe ciki na ruɓewa. Bayan awa 24 ka zubar da etanol ɗin ka sa sabo. Wannan sauyin na rana ta biyu shi ne wanda kowa ke mantawa, kuma rashin yinsa na cikin abin da ya kashe min kwalabena.

Takarda kuma da fensir, a saka ta cikin kwalbar tare da tsutsar, lambar shari'a, kwanan wata, lokaci, wane sashe na jiki, sunan wanda ya ɗiba. Biro da maka etanol na cinye su, fensir kuwa ko shekara goma yana nan. Ka ƙara wata a waje ka naɗe da salatif. In shari'a ce akwai takardar miƙa hannu, duk wanda kwalba ta bi ta hannunsa ya sa hannu da lokaci, don lauya a kotu ba zai tambaye ka zafin PCR ba, zai tambaye ka ina kwalbar ta kwana ranar Talata kuma makullin na wurin wa.

Akwai wani abu daban da ya kamata ku sani tun a wurin. Tsutsar da ke kan ci tana da wata 'yar jaka a gaba da take tara abinci, kana iya hangenta ta cikin fata kamar jan ɗigo, cikinta akwai naman da ta ci, wato DNA na mamacin. In aka ɗauke gawa aka bar tsutsa a ɗaki, wannan jakar na iya nuna wa aka ci, ko mutum ne ma ko dabba. Amma tana ƙarewa da sauri in tsutsar ta daina ci, don haka waɗanda za a yi wa wannan ba a barinsu da rai, nan take etanol ko ƙanƙara sannan firiza.

A lab, yanka

Teburin da za ka yi wannan ya zama daban da inda ake buɗe tiyub ɗin da aka gama PCR, in da hali ɗaki daban. Ka goge tebur da kayan aiki da bilic da aka sirka kashi ɗaya cikin goma, sannan ruwa mai tsabta, sannan etanol. Mutane na zaton etanol kaɗai ya isa, to shi ƙwayoyin cuta yake kashewa, DNA kuwa adana shi ma yake, ai shi ya sa muka zuba tsutsa a ciki. Sabuwar reza ga kowace tsutsa, safar hannu kana canzawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, ɗigon da ya rage a bakin hantsaki daga tsutsar farko ya isa ya sa samfur goma su fito da suna ɗaya.

Ka ɗauraye tsutsar da ruwan lab mai tsabta, in na cikin jakar abinci kake nema ka fara wanke bayanta da bilic mai rauni sannan ka ɗauraye sosai kafin ka farka. Don sanin irin ƙudan kuwa kar ka niƙa tsutsa gaba ɗaya. Ka yanke kai ka ajiye, a nan ƙugiyoyin baki suke, ka yanke gindi ka ajiye, a nan kafofin numfashi suke waɗanda tsagunsu ke nuna matakin girma, biyu a mataki na biyu uku a na uku. Waɗannan su ne shaidarka in wani masani ya ce zai sake dubawa. Tsakiyar za ka yi aiki da ita, ka tsaga ka share hanji ka ɗauki fata da naman da ke manne da ita, kamar ƙwayar shinkafa ya isa. Babban ƙuda kuma ƙafa ɗaya ko biyu, ko naman ƙirji, ka bar ciki don akwai abinci da ƙwai da maniyyin namiji in mace ce, ka bar kai don launin ido yana hana PCR tafiya. Sauran jikin ya koma kwalbarsa da lambarsa.

Sai ka bar guntun a buɗaɗɗen tiyub minti goma zuwa sha biyar etanol ya tashi. Kuma kowane zagaye ka haɗa tiyub guda wanda babu nama a ciki, ka yi masa duk abin da ka yi wa sauran, in shi ma ya fito da layi a jel to ka san akwai ƙazanta, zagayen duka ya tashi aiki.

Ciro DNA ɗin, hanya uku gwargwadon aljihu

In akwai kuɗi ko shari'a ce ta gaske, kit, wato kwalin sinadaran ciro DNA da ake saya a haɗe. Wanda aka fi sani shi ne DNeasy Blood & Tissue na Qiagen. Ruwayen cikinsa kowane da sunansa a jikin kwalba, ATL, AL, AW1, AW2 da AE. Maikirolita (kashi ɗaya cikin dubu na mililita) 180 na ATL a kan naman, ka niƙa da 'yar tabaryar roba, 20 na furotinez K, sinadarin da ke narkar da nama, ka sa a digiri 56 har naman ya narke, awa ɗaya zuwa uku, ni dai kwana nake barinsa in ina da tabbacin wuta. Sai 200 na AL ka gauraya, 200 na etanol tsantsa ka sake gaurayawa, ka juye a kan ɗan bututun mai matata ka juya a sentifuj, injin nan mai juya tiyub da gudu, a gudun juyi 8000 a minti, na minti ɗaya. DNA ya maƙale a matatar, ka wanke da 500 na AW1 minti ɗaya, sai 500 na AW2 a 14000 na minti uku don matatar ta bushe. Ka mayar da bututun kan sabon tiyub ka ɗiga AE a tsakiyar matatar, ka jira minti ɗaya zuwa biyar ka juya. Takardar kit ɗin 200 ta ce, amma in ƙafar ƙuda ce ko kwanson da aka fita daga ciki ni 50 nake sawa don kar ya yi tsararo. Kuskure biyu da na fi gani: sabon kit a manta ba a zuba etanol cikin AW1 da AW2 ba, da kuma sanyin hunturu ya sa ATL ya yi gari-gari a ƙasan kwalba mutum ya ɗiba haka nan, ka ɗumama shi a 56 ya narke tukuna.

In ɗalibi ne mai samfur hamsin da kuɗin da bai kai ya kawo ba, Chelex, wani sinadari mai kama da gari. Ka haɗa kashi 5 cikin ɗari da ruwan lab, ƙananan ƙwayoyi ne masu saurin kwanciya don haka kana motsawa kana ɗiba, ka ɗan yanke bakin tsinken fifet ɗin, wato abin ɗibar ruwa da awo, su samu wucewa. Kamar maikirolita 150 zuwa 200 a kan naman, ɗan furotinez K, digiri 56 awa ɗaya ko biyu, ka girgiza, sai digiri 95 zuwa 100 na minti takwas zuwa goma, ka juya da ƙarfi minti biyu uku, ka ɗebe ruwan sama a hankali zuwa sabon tiyub. Ko ƙwaya ɗaya kar ta biyo, don aikinta kama maganiziyam ne, kuma PCR ba ya tafiya sai da maganiziyam. Yana da arha da sauri, amma DNA ɗinsa ba mai tsabta ba ne kuma ba ya jure dogon ajiya, ka yi PCR ɗinka cikin kwanaki ka huta.

Ta uku CTAB, wani sinadari mai aiki kamar sabulu, hanya ce ta masu haƙuri, kuma ita ce za ka iya haɗawa da kanka: CTAB kashi 2, gishirin NaCl mola 1.4, Tris milimola 100 a pH 8, EDTA milimola 20. Ka niƙa naman cikin maikirolita 500, ka ƙara furotinez K, awa ɗaya ko biyu a wajen digiri 56 zuwa 60. Sai ka zuba kulorofom da aisoamil 24 da 1 daidai yawan ruwan, ka jujjuya tiyub a hankali da hannu, sentifuj minti goma da ƙarfi. Zai rabu, ruwa a sama, kulorofom a ƙasa, wani farin datti a tsakani. Na sama kaɗai kake so, gara ka bar kaɗan da ka taɓo farin nan. Ka ƙara isofurofanol mai sanyi kamar kashi biyu bisa uku na ruwan da ka ɗiba, firiza rabin awa, ka juya minti goma zuwa sha biyar, za ka ga ɗan farin ɗigo a gindin tiyub, wani lokaci ma ba za ka gan shi ba, shi ya sa ake jera tiyub da maratayin murfi yana kallon waje don ka san gefen da ya kwanta. Ka wanke da etanol kashi 70, ka shanya minti goma zuwa sha biyar, kar ya bushe ƙayau don narkar da shi zai zama aiki, sai ka narka cikin maikirolita 30 zuwa 50 na TE, wato ruwan Tris da EDTA. Kulorofom a ƙarƙashin injin zuƙe iska ake buɗe shi, ba a ɗakin da aka rufe tagogi saboda ƙura ba. Ruwan CTAB kuma ba a sa shi a firij, sanyi ke sa shi daskarewa.

Ka duba abin da ka samu. In akwai NanoDrop, injin auna yawan DNA da tsabtarsa, lambar da yake nunawa ta rabon 260 da 280 ta zo wajen 1.8, in ya yi ƙasa sosai akwai furotin. In babu, jel na agaros kashi 1 ya isa, kuma kar hankalinka ya tashi in DNA ɗin ƙafar ƙuda bai fito a jel ba, sau da yawa PCR na kamawa duk da haka.

Sanin sunan ƙudan

Wurin da ake karantawa wani yanki ne na DNA da ake kira COI a cikin mitokondiriya, wato sashen ƙwayar halitta mai samar da ƙarfi, tsawonsa haruffan DNA 658, wanda Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003 ya zama kamar lambar shaidar dabbobi. Firaimomi, wato gajerun guntayen DNA da ke nuna wa PCR yankin da zai ninka, waɗanda aka fi amfani da su LCO1490 da HCO2198 ne na Folmer, tun 1994. Zagayen PCR wajen 35, zafin mannewar firaimomi tsakanin digiri 45 da 50, layinka ya fito wajen haruffa 700 a jel. Sai a tura a karanta jerin, daga nan Bauchi yawanci Ibadan ake aikawa ko ƙasar waje, ka nemi a karanta ta gaba da ta baya, ka tura lamba kawai ba sunan mamaci ba. In sakamako ya zo ka buɗe hoton da injin karantawa ke fitarwa, mai layuka kamar tsaunuka, kowane tsauni harafi ɗaya, ka gani da idonka kafin ka kwafi haruffa, in sun hau kan juna to akwai gauraye. Ka gwada a BOLD ka kuma gwada a GenBank, rumbunan jerin DNA ne guda biyu a intanet, kar ka tsaya kan layin farko da ya fito don akwai jerin da masu sakawa suka yi wa kuskuren suna, ka duba goma ashirin na sama su yarda da juna, ka kuma koma ga kai da gindin da ka ajiye da ƙudajen da ka raina ka ga ko maganarsu ɗaya. Lucilia cuprina da Lucilia sericata kuwa an san suna barbarar juna a wasu wurare har COI ya ruɗe, in ɗayansu ya fito ka ƙara da wani yanki na cikin cibiyar ƙwayar halitta kamar 28S.

Ajiya, inda wuta ke gwada imanin mutum

A littafi abin da sauƙi, digiri 4 na 'yan kwanaki, 20 ƙasa da sifili na watanni zuwa shekaru, 80 ƙasa da sifili na dogon zamani. A Bauchi kuwa abin da ke kashe DNA shi ne daskarewa da narkewa, yau ƙanƙara gobe ruwa jibi ƙanƙara, kowane zagaye yana ƙara kakkarya shi. Don haka tun ranar farko ka raba DNA ɗin tiyub uku, ɗaya na aiki a firij, biyu a firiza ba a taɓa su, in da hali ɗaya a wani ginin daban mai sola. A TE za ka ajiye ba a ruwa zalla ba, Tris na riƙe pH, EDTA na kama ƙarafan da masu sassara DNA ke buƙata, in kana tsoron EDTA ya dami PCR akwai mai ƙarancinsa milimola 0.1. Firizar da ke narkar da ƙanƙararta da kanta ba ta dace ba, ɗumama kanta take lokaci-lokaci, ta kwance mai murfi a sama ta fi riƙe sanyi. Ka cika sararin da ya rage da gorunan ruwa su daskare, akwatin samfur a can ƙasa tsakiyarsu, kuma a daina buɗewa ana saka zoɓo.

Wata dabara da ba ta cin ko sisi, ka daskarar da ruwa a ƙaramin kofi ka ɗora kwabo ko wani ɗan ƙarfe a kai ka ajiye kusa da akwatin. Ranar Litinin in ka tarar da shi a gindin kofi cikin ƙanƙara, to firizar ta narke a ƙarshen mako ta sake daskarewa, ka rubuta a littafi da kwanan wata.

Su kuma kwalaben tsutsa cikin etanol, firiza ta fi, amma in babu za su iya zama a wuri mai duhu mafi sanyi a ginin, ba kan taga ba, ba but ɗin mota ba. Ka naɗe murfi da Parafilm, ledar lab mai miƙewa, ka ja layi da fensir a takardar waje daidai inda etanol ya tsaya, duk wata ka duba, daga Maris zuwa Mayu duk sati biyu, don zafi na shanye shi ta murfin da kake ganin a rufe yake, kuma etanol ɗin ke fara tashi ya bar ruwa. In ya ragu kar ka yi ciko, zubarwa za ka yi ka sa sabo. Babban ƙuda kana iya busar da shi cikin kwalba mai silika jel, ƙwayoyin nan masu zuƙe laima, da ɗan auduga a tsakani, in launin jel ɗin ya juya ka canza, da damina musamman Agusta abin na juyawa da wuri.

Wanda kuma na fi ba mutanen da ke aiki can wajen Alkaleri ko gefen Yankari shawara, inda za ka yi kwanaki ba ka ga firiza ba, shi ne katin FTA, wata takarda ta musamman mai sinadaran adana DNA. Ka yanki tsakiyar tsutsa ka murje ta a kan da'irar katin, tsutsa ɗaya da'ira ɗaya, ka bari ya bushe sarai a inuwa na 'yan awanni inda ƙuda ba zai sauka ba, ka rubuta lamba da fensir ka sa a ambulan ɗinsa da ƙullin silika jel. Sinadaran katin na fasa ƙwayoyin su riƙe DNA a zafin ɗaki na shekaru. Ranar aiki ka huda ɗan ƙaramin da'ira, ka wanke da ruwan wankinsa sannan TE, ka shanya ka jefa cikin tiyub ɗin PCR. Kai da gindin tsutsar dai su shiga etanol da lamba iri ɗaya da ta katin, kuma tsakanin kati da kati ka huda farar takarda sau biyu uku don goge bakin abin hudawar.